Basir da ƙwayoyin homiyofati: in ƙara ƙarfin maganin ko in nufi asibiti?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau larura ce ta sa. Ni tela ne, shekarata 44, tun safe har bayan isha'i ina kan keke, lokacin ɗinkin sallah kuwa kwana muke a shago. Shekara uku ke nan basir na damuna. Da farko jini nake gani in na gama bayan gida, ja jawur, yana ɗiga a masai, babu zafi. Bara sai tsiro ya fara leƙowa in na yi yunƙuri, in na miƙe ya koma da kansa. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, na masu lasifika a bakin tasha da na 'yan'uwa da ake aiko mini daga ƙauye.

Wata biyu da suka wuce wani mai kawo mini ɗinki ya dawo daga Indiya, ya ba ni 'yan kwalabe uku. Ƙwayoyi ne farare ƙanana kamar ƙwayar gero, masu zaƙi. A jikinsu an rubuta Aesculus 30C, Hamamelis 30C da Nux vomica 30C. Ya ce sunan wannan hanyar magani homiyofati. Ƙwaya huɗu ƙarƙashin harshe sau uku a rana, kada hannu ya taɓa su, a bar yaji da kofi, a yawaita ruwa da ganye. Mako ukun farko wallahi na ji daɗin jikina, jini ya ɗauke. Shekaranjiya ya dawo, har ya fi na da. Na kira shi, ya ce in nemi mai lamba 200C, wai ya fi ƙarfi. Don Allah wanda ya san abin nan ya ba ni shawara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah Ya ba ka lafiya Ya sa kaffara ne.

Na Kwari: Malam tela ka kwantar da hankalinka, ka samu magani. Ni ganau ne ba jiyau ba. Na kai wani ɗan'uwana aikin ƙoda Indiya, zaman jinya da canjin abinci suka tayar mini da basir, har salla a tsaye nake gamawa don tahiya ta gagare ni. Mai masaukinmu ya kai ni wurin likitan homiyofati. Mutumin nan ya zaunar da ni kusan awa guda, ya tambaye ni barcina, abin da nake ci, ko ina da saurin fushi, ko sanyi na fi ji ko zafi. Tun da nake ban taɓa ganin likitan da ya saurare ni haka ba. Kwana goma kumburin ya sace. Ka nemi 200C ɗin, haƙuri kawai yake so.

Ɗalibi a Indiya: Gaskiya ne Alhaji, a nan abin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati na da ma'aikata sukutum, AYUSH, da aka kafa a 2014, homiyofati na cikin abin da take kula da shi. Akwai digirinsa, BHMS, shekara biyar da rabi ake yi. Kusan kowace unguwa za ka ga shagonsu. Amma asalinsa ba na Indiya ba ne, daga Jamus ya zo. Ni injiniyanci nake karantawa, abin da idona ya gani kawai na faɗa.

Abu Maryam, mai harhaɗa magunguna: Baban Hanif sannu da jiki. Kafin a yi maganar 200C, bari mu fara da wannan 30C da ke jikin kwalbarka, don mutane da yawa suna ɗauka kamar miligiram ne, wato in lamba ta hau ƙarfi ya hau. Lambar tana faɗin sau nawa aka tsarma maganin ne.

Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya kafa wannan hanya, ya fara bayyana ta a 1796, ya fitar da babban littafinsa a kai a 1810. Ra'ayinsa guda biyu ne. Na farko, abin da zai jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mai irin wannan alamar. Na biyu, in ana tsarma abu ana girgizawa, ƙarfinsa na ƙaruwa. Harafin C na nufin ɗari. A ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sinadarin barasa, a girgiza, an samu 1C. A ɗebi ɗigo ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, an samu 2C. Haka har sau talatin.

Ku yi lissafin da ni. A 3C, daidai yake da ɗigo ɗaya a cikin jarka biyu masu lita 25. A 6C, ɗigo ɗaya ne a cikin ruwan da zai cika tankokin dakon man fetur sama da 1,500. Kafin a kai 12C, ruwan Bahar Maliya gaba ɗaya ya yi kaɗan ƙwarai a kwatanta, kuma daga nan ne masana sinadarai suka nuna da wuya a ce ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin ta rage. To kai naka 30C ne. Wannan ruwan ake ɗiga wa ƙwayoyin sukari ya bushe. Abin da kake sawa ƙarƙashin harshe sukari ne, na 200C ma sukari ne.

Baban Hanif: Ikon Allah. Ni da aka ce mini zaƙi ne ke tayar da basir, har shayi na daina sa wa sukari.

Na Kwari: Malam Abu Maryam, da girmanka, amma lissafi daban, jiki daban. Idan sukari ne zalla, me ya warkar da ni? Kuma ƙasa kamar Indiya, da muke tururuwar zuwa neman lafiya, za ta buɗe kwalejoji a kan sukari? Ku dai ba kwa son abin da zai rage muku ciniki.

Abu Maryam, mai harhaɗa magunguna: Alhaji ban ƙaryata ka ba, na yarda ka samu sauƙi. Amma su kansu masu homiyofati ba sa musun lissafin nan, cewa suke ruwan yana riƙe tasirin abin da ya taɓa shi, kuma wannan ne aka kasa tabbatarwa. An gwada. Majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta bi diddigin nazarce-nazarcen da aka yi, a 2015 ta ce babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar a daina rubuta shi a 2017. Faransa, inda babban kamfaninsa Boiron yake, ta daina biya wa mutane kuɗinsa daga inshorar gwamnati a farkon 2021. Ka ga su ma kamfanoni ne masu ciniki, ba sadaka suke rabawa ba.

In an yi wa Hahnemann adalci, a zamaninsa likitoci na tsaga jijiyar mara lafiya su zubar masa da jini, su ɗura masa sinadarai masu guba. Wanda aka ba ruwa da sukari aka bar jikinsa ya huta, sau da yawa ya fi wancan tashi. Daga nan farin jinin abin ya samo asali.

Bokan Turai: Assalamu alaikum. Ni likitan fiɗa ne, masu wannan larura nake gani kusan kowane mako. Tambayar Alhaji ta cancanci amsa, don ita ce tambayar kowa.

Kowane ɗan Adam an halicce shi da wasu 'yan matasai na jijiyoyin jini a cikin dubura, suna taimakawa wajen riƙe iska da bayan gida. Idan yunƙuri ya yi yawa, ko bayan gida ya yi tauri, ko mutum na daɗewa a masai, ko mace na da juna biyu, sai su kumbura su saki. Shi ne basir a wurinmu. Halinsa kuma shi ne ya taso ya lafa. Irin wanda Alhaji ya kwatanta, kumburi mai azabar zafi da ke hana zama, galibi jini ne ya daskare a na waje. Kwana biyu zuwa uku na farko ne masu tsanani, daga nan zafin ya fara sauka, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya sace, ko an sha magani ko ba a sha ba. Alhaji ya ce kwana goma. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwo ya kai maƙura, don haka duk abin da ya sha a ranar shi zai samu yabo.

Na Baban Hanif kuwa, ku sake karanta abin da ya rubuta. An ce masa ya yawaita ruwa da ganye. Wannan shi kaɗai magani ne na gaske, bincike ya nuna abinci mai harza yana rage zubar jinin basir da kusan rabi. Malam tela, in tambaye ka, da aiki ya yi yawa ka ci gaba da ganyen?

Baban Hanif: Gaskiya likita a'a. Da bikin wasu ya matso, biredi da shayi ne da safe, taliya da rana, da dare abin da ya samu. Ruwa ma ina rage sha don kada in riƙa tashi daga kan keke. Ƙwayoyin ne dai ban taɓa fashi ba.

Malamin Islamiyya: Ni wani wuri ya tsaya mini. An ce ana tsarma shi da barasa? Musulmi ya kamata ya san wannan kafin ya kai baki.

Abu Maryam, mai harhaɗa magunguna: Haka ne Malam. Na ruwa da ake ɗigawa a cokali yana ɗauke da sinadarin barasa mai yawa, za ka ga an rubuta adadin a jikin kwalba. Na ƙwaya an jiƙa ne ya bushe. Hukuncinsa na bar muku ku malamai. Wani abin da ya fi damuna: akwai kwalaben da aka rubuta wa harafin Q, wato uwar maganin da ba a tsarma ba. Waɗannan akwai abu a ciki da gaske. Nux vomica ɗin nan 'ya'yan wata bishiya ce mai ɗauke da gubar sitirikinin, irin wadda aka daɗe ana kashe ɓera da ita. Kada wani ya ji an ce sukari ne ya ɗauki mai Q ya kwankwaɗa. Man shafawa mai Hamamelis da ba a tsarma sosai ba yana iya rage raɗaɗi da ƙaiƙayi, don ganyen na da ɗaurin fata irin na bagaruwa, amma wannan aikin tsiro ne kamar kowane maganin itatuwa.

Mai Kula da Zaure: Na goge saƙon wanda ya sa lambar waya yana tallar maganin basir "sha yanzu magani yanzu". Dokar zaure ta hana talla. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Anti Nas: Ƙanina Baban Hanif, ni ba ruwana da gardamar sukari. Shekara uku kana ganin jini, akwai wanda ya taɓa duba wurin da idonsa?

Zan faɗa maka dalilin tambayata. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, manomi ne, ƙaƙƙarfa. Sama da shekara yana cewa basir ne. Duk wanda ya zo gaishe shi da gorar jiƙonsa a hannu. Muna gani wandonsa na yi masa yawa, yana ƙara ɗaure mazagi, yana shiga ban ɗaki sau biyar ya fito ya ce bai gama ba. Ni da nake aikin asibiti, kunya ta hana ni matsa masa, ina ɗiyar 'yar'uwarsa, ta yaya zan yi masa maganar dubura? Ranar da aka kai shi, yatsa kawai likita ya sa ya ji ƙullutun. Sankarar hanji ce, ta riga ta kai hanta. Bai cika wata bakwai ba. Har yau in na tuna sai in ce da na cire kunyar nan tun farko.

Ban ce abin da ke damunka ke nan ba, yawancin masu irin alamarka basir ne kawai. Amma ba a gane wa ta waya, ba a gane wa ta kwalba.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ya huta.

Na Kwari: Allah Ya gafarta masa. Hajiya wannan magana ta taɓa ni. Duk da haka ina nan a kan cewa na ji daɗin abin, kuma bai cutar da ni ba.

Bokan Turai: Allah Ya jiƙan kawu. Alhaji, ƙwayar ba za ta cuce ka ba, jinkirin da take jawowa shi ne abin tsoro. Matsalarmu a ƙasar Hausa, kalmar basir ta zama buhu, komai a ciki ake zubawa: ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir, raunin mazakuta basir, yaro ya yi gudawa baya ya fito a ce ɗan kanoma. A cikin buhun nan akwai tsagewar dubura, wadda mai ita ke jin kamar ana yanka shi da reza lokacin bayan gida. Akwai ƙurjin da ke fashewa ya bar hanya tana tsiyayar mugunya. Akwai atuni, akwai tsutsar da ake ɗauka a ruwan rafi, akwai sankara. Kowanne da maganinsa daban. Kuma masu sankarar hanji da muke gani a nan, da yawansu ba tsofaffi ba ne, ana samun 'yan shekara arba'in da ƙasa da haka, akasari sai ta yi nisa suke zuwa.

Duk wanda ya haura arba'in yana ganin jini, ko jinin ya gauraya da bayan gida, ko yanayin fitarsa ya canja makonni, ko yana rama, ko yana haki da jiri, ko an taɓa samun wannan cuta a danginsa, ya zo a duba shi.

Baban Hanif: Anti kin faɗi gaskiya, babu wanda ya taɓa dubawa. Zan faɗi abin da ke raina tunda an zo nan. Kunya ce ta farko, magidanci da 'ya'ya shida a ce ya kwanta ya buɗe wa wani. Na biyu tsoro. A majalisarmu ana cewa duk wanda aka yi wa aikin basir ba ya ƙara riƙe bayan gida, wasu ma sun ce iyali na gagararsa. Shi ya sa da na ga ƙwayoyin nan na ji kamar an sauke mini dutse.

Maman Ilham: Malam mu mata mun fi ku shiga wannan hali. Bayan haihuwata ta uku tsiro ya fito mini, wata biyu ban faɗa wa kowa ba sai yayata. Ita ta riƙa dafa mini bagaruwa ina zama a ciki da ɗumi-ɗumi, yana rage zafin. Da na koma awon jariri na daure na gaya wa ungozoma, ta haɗa ni da likita mace. Ko minti biyar dubawar ba ta kai ba, an rufe ni da zane. Ta ba ni garin da ake kaɗawa a ruwa don laushin bayan gida, ta ce in riƙe miyar kuka da kuɓewa da zogale da gwanda. Da na yi arba'in biyu babu shi babu alamarsa. Kana iya cewa namiji kake so ya duba ka, ba wanda zai hana.

Bokan Turai: Madalla da Maman Ilham. Ruwan dai ya zama mai ɗumi, kada ya zama mai ƙuna, minti goma zuwa sha biyar ya isa.

Malam tela, ka bar zancen majalisa. Basir na ciki hawa huɗu ne. Na ɗaya jini kawai, ba ya fitowa. Na biyu yana fitowa ya koma da kansa. Na uku sai an mayar da hannu. Na huɗu ya fito ya ƙi komawa. Yadda ka kwatanta naka ya yi kama da na biyu, in dubawa ta tabbatar. Irin wannan ba kasafai ake kai shi ɗakin tiyata ba. Gyaran abinci ne farko. In bai isa ba, akwai wata 'yar roba da ake ɗaure wuyan tsiron da ita daga ciki, a wurin da babu jijiyar jin zafi sosai. Minti kaɗan ne, ba a sa barci, ka koma gida da ƙafarka. Cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi. Za ka ji nauyi-nauyi kwana biyu, wani lokaci sai an maimaita, kuma ba kowane asibiti ke da kayan ba, ka tambaya a sashen fiɗa.

Yanka sai na uku da ya ƙi ji da na huɗu. Ba zan ɓoye maka ba, yana da zafi mako biyu ko fiye. Amma aiki ne da aka daɗe da ƙwarewa a kai, salon da muka fi yi tun 1937 likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana shi a Landan. Rashin riƙe bayan gida ba kasafai yake faruwa ba a hannun wanda ya iya, kuma aikin ba ya kusantar abin da ya shafi iyali. Waɗanda nake gani sun lalace su ne waɗanda aka ƙona wa tsiro da wani ruwa mai ci a ɗakin mai magani, wurin ya warke ya tsuke, bayan gida ya koma fita kamar zare.

Direban Tirela: Likita mu fa da muke kwana uku a hanya Legas zuwa Kano? Ina za mu ga zogale?

Anti Nas: Yallaɓai ko'ina ka tsaya akwai wake, akwai dafaffiyar masara, lemo, kankana, aya, dabino. Ka ajiye jarkar ruwa kusa da kai. In bayan gida ya matsa kada ka riƙe sai an kai gari. Kuma ku bar shiga ban ɗaki da waya, mutum ya tsuguna minti ashirin yana kallon bidiyo, jini na taruwa a wurin.

Ɗalibi a Indiya: Wani abu da na lura, garin nan da Maman Ilham ta ambata, a nan isabgol suke ce masa, ɓawon irin wani tsiro ne, kusan kowane gida akwai shi. Har masu zuwa wurin likitan homiyofati suna sha da daddare.

Baban Hanif: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na je ranar Litinin, Anti ce ta yi ta yawo a raina. Likitan namiji ne, ya sa ni kwanciya ta gefen hagu, ya duba da yatsa sannan da wani ɗan bututu mai fitila. Wallahi kafin in gama salati uku ya ce in tashi. Basir ne hawa na biyu, guda biyu. An auna jinina aka ce ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini da na laushin ciki. Saboda shekaruna da daɗewar jinin ya ce sai an leƙa hanjin da na'ura kafin a sa robar, an ba ni rana nan da mako uku. Kuɗin ya ɗan yi mini nauyi amma zan haɗa. Yanzu uwargida na kawo mini kwaɗon zogale shago, kuma duk awa ina tashi daga kan keke.

Anti Nas: Alhamdu lillahi. Ka sani maganin ƙarin jini na iya taurara bayan gida ya kuma mayar da shi baƙi, kada ka fasa na laushin. Ka tambaye su ranar da za ka dakatar da shi kafin leƙen hanjin.

Na Kwari: Barka Malam tela, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni kwalabena suna nan ban zubar ba. Amma likita, maganar baƙi ta tuna mini. Ƙanina da na ba shi irin ƙwayoyin nan, jiya yake ce mini nasa bayan gidan baƙi ƙirin yake fita kamar kwalta, mai wari, kwana uku ke nan, kuma yana ganin jiri in ya miƙe. Ba ya shan maganin ƙarin jini, sai dai na ciwon jiki da yake saya a kemis kullum. Shi ma basir ɗin ne?

Bokan Turai: Alhaji wannan ba basir ba ne. Alamar jini ce da ke zuba daga sama, daga tumbi, kuma magungunan ciwon jiki na jawo gyambon da ke yin haka. Ya daina shan su, kada ya tuƙa mota da kansa, a kai shi sashen gaggawa yau, kada a jira safiya.

Na Kwari: Yana Dawanau wurin lodi. Bari in kira shi, ni zan je in ɗauko shi.